Ranar da Kwastan Ba Ta Buɗe Kaya Ba

A ofis Anti suke ce mata in tana kusa, in ta ba da baya kuma Kwastan. Ta san da sunan sarai, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba, don in za a faɗi gaskiya daɗinsa take ji. Aikinta ne ya jawo mata shi. Kamfaninsu ƙarami ne, a saman bene, ƙasansu masu sayar da kujeru da katifu. Manhaja ɗaya suke da ita, wadda makarantu ke aiki da ita: malami ya kira suna da safe a wayarsa, yaron da bai amsa ba sai saƙo ya tafi wa iyayensa cewa ɗanku bai iso makaranta ba. Duk ma'aikacin da ya rubuta gyara ko ƙari a manhajar nan, aikinsa ba ya shiga sai wani ya duba ya sa hannu. Shekara da shekaru, wanin nan ita ce.

Sa hannun nata kalma biyu ne kacal: "Ya yi." Amma kafin ka ga kalmomin nan biyu sai ka sha tambaya har ka gode wa Allah. Me ya sa ka yi nan haka? In waya ta mutu a tsakiyar kiran suna fa? In yara biyu sunansu ɗaya fa? Akwai wani Dogo a cikinsu, sarkin barkwanci, wanda ranar da ya fara samun "Ya yi" a karo na farko ba tare da an dawo masa da aiki ba, sai da ya sauka ƙasa ya sayo wa kowa lemo, har da masu katifa.

Ba daga sama ta samo halin ba. Babanta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi a bakin wani shago, kuma tun tana ƙarama ita ke riƙe masa murfin kwalbar da yake zuba ƙananan kusoshi. Mutum ne da ba ya yarda da fuskar agogo sai ya buɗe bayansa. Da ta gama sakandare ta shiga buga takardu a wani shagon kwamfuta, daga nan ta fara leƙa abin da ke bayan allo, ta koyi rubuta manhaja a tsaye, tsakanin mai son a buga masa takarda da mai son a wanke masa hoto. Lokacin da aka kafa kamfanin tana cikin mutanen farko, mafi ƙarancin shekaru, ita kaɗai mace, ita kaɗai kuma marar takardar jami'a. Ta yi aure, ta haihu, mutanen farko suka watse ɗaya bayan ɗaya, ita ta zauna. Haka ta wayi gari ita ce mai ɗaki, ita ta san inda yake yoyo.

Suna da wata al'ada ta ofis, zaman Alhamis. Bayan la'asar a ja kujeru gaban farin allo, mutum ɗaya ya tashi ya koya wa saura abin da ya sani. Sau nawa Manaja yana ce mata, "Anti, ki ɗauki Alhamis ɗaya ki bi da mu ta cikin tsohon ɓangaren nan mai aika saƙo, ke kaɗai kika san cikinsa." Sai ta ce in sha Allah mako mai zuwa. Makon ya zo ta ce aiki ya yi yawa. Kowa ya ɗauka rowar ilimi ce irin ta tsofaffin hannu, aka yi ta yi mata tsiya a kai, ita kuwa ta bar su a hakan.

Ana nan sai zamani ya juya. Kamfani ya kawo mataimakin nan na kwamfuta da kake faɗa wa abin da kake so ya rubuto maka manhaja kafin ka kurɓi shayi. Dogo ya raɗa masa suna Aljani, wai don ba ya barci, ba ya gajiya, kuma bai taɓa cewa "ban sani ba". Aiki ya yi sauri, babu mai musu. Sai dai ofis ya yi shiru. Da, in mutum ya maƙale sai ya turo kujerarsa mai taya zuwa teburin wani ya ce zo ka gani. Yanzu kowa ya toshe kunne yana hira da Aljaninsa. Zaman Alhamis ya koma na nuna sabon abin da Aljani ya iya, daga baya ma aka fara tsallake shi.

Kwastan ce ta ji a jikinta. Aikin da da yake zuwa mata ɗaya-ɗaya, yanzu tuli yake zuwa, dogaye, masu tsafta, ko'ina a gyare kamar ɗakin baƙi. Ta yi ta karantawa har idonta ya fara ruwa. Wata rana ta gaji ta duba wani sama-sama ta ce "Ya yi", ba abin da ya faru. Ta sake, ba abin da ya faru. To ka san halin ɗan Adam, abin da ya yi sau biyu bai ga tsiyarsa ba ya zama hanya. Sunan Kwastan yana nan, tsoronta yana nan, amma kaya sun daɗe suna wucewa ba a buɗe ba, kuma ita kaɗai ta san haka.

Cikin wannan yanayi Malam ya zo. Malamin lissafi ne da ya shekara da yawa yana koyarwa a sakandare, furfura ta fara fito masa, ya koyi rubuta manhaja a gida a kwamfutar aro, ya ajiye alli ya zo nan. An ɗauke shi na gwaji, in ya yi a tabbatar da shi, in bai yi ba kowa ya kama gabansa. Yana da mata da yara huɗu, kuma matar ba ta so ya bar koyarwa ba, ya faɗa da bakinsa yana dariya. Shi kaɗai ne a ofis da har yanzu yake turo kujera. Yana amfani da Aljani kamar kowa, amma sai ya bi abin da ya rubuto masa layi-layi da yatsa a kan allo, leɓensa na motsi, kamar mai duba jarrabawa. Ya girme ta, amma Anti yake ce mata.

"Anti, gafarta, tambaya ɗaya."

"Malam, taka ba ta taɓa zama ɗaya ba," in ji ta, tana jawo masa wuri.

Tana son tambayoyinsa, Allah ya sani. Su ne abin da ya rage mata na aikin da ta sani. Manaja kuwa yana ganin Malam ya cika nawa, ya ma taɓa faɗa mata a kan matakala cewa mutumin kirki ne amma ana jiransa. Ita ce ta ce a yi masa haƙuri, irinsa ake nema.

Ana saura kaɗan wa'adin gwajinsa ya cika aka ba shi wani ɗan aiki: a sauya kalmomin saƙon da ke zuwa wa iyaye, don makarantu sun ce ya yi kaushi. Kafin a saki sabon saƙo dole a gwada shi, a sa kamar duk yara ba su zo ba, a ga yadda zai fito. Kuma dole a kashe makunnin aikawa, don kada saƙon gwaji ya fita zuwa wayoyin mutane. Makunni a manhaja lamba ce kawai, ɗaya ko sifili. Ko'ina a duniyar masu wannan sana'a, ɗaya na nufin kunna, sifili na nufin kashe. Aljani ya sa sifili, kamar yadda duk mai hankali zai sa.

Malam ya bi da yatsa, ya ga wani wuri a tsohon ɓangaren da bai zauna masa ba. Ranar Anti ba ta ofis, ta kai mahaifiyarta ganin likitan ido. Sai ya tura mata aikin, ya rubuta tambayarsa a jikin layin da kansa, a tsakiyar aikin, inda mai karantawa ba zai iya tsallakewa ba: "Anti, Aljani ya ce sifili ne kashewa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ke kika gina nan. Haka ne?"

Tana zaune a benci a ɗakin jira, Inna na gefenta tana mitar an daɗe, wayarta ta yi ƙara. Ayyuka a jere suna jiran ta. Ta ga na Malam, ta ga an rubuta gyaran kalmomin saƙo. Ta ce a ranta, aikin Malam ai ba ya buƙatar Kwastan, shi da yake bi da yatsa. Ba ta buɗe ba. Ta rubuta kalmominta biyu ta mayar da waya jaka, ta ci gaba da rarrashin Inna.

A tsohon ɓangaren nan kuwa makunnin a juye yake. Sifili ne aikawa, ɗaya ne tsayarwa. Duk ginin nan ba wanda ya san haka sai ita.

Washegari da hantsi Malam ya kunna gwajinsa. Saƙo ya fara fita zuwa ga iyayen kowane yaro a kowace makaranta da ke hannunsu: ɗanku bai iso makaranta ba yau.

Wayar ofis ce ta fara, sai ta Manaja, sai ta kowa. Kafin Anti ta gane abin da ke faruwa tata ta yi ƙara, ƙanwarta ce, wadda ɗanta ke ɗaya daga cikin makarantun. Ba magana take yi ba, ihu take. "Yaya, ba a ga yarona ba! Ni na sa shi a mota da hannuna! Yaya, na shiga uku!" Ana jin ƙarar titi a bayanta, tana gudu. Anti ta ce mata ki tsaya, yana aji, saƙon kuskure ne, amma ina, uwa ba ta jin wannan sai ta gani da ido. A tsaye Anti ta buɗe aikin Malam, ta sauko tsakiya, ta ga tambayar. A ƙarƙashinta kuma ga amsarta zaune daram: "Ya yi." Nan take ta juya makunnin, ta tsayar da sauran saƙonnin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ranar an sha kallo a ƙofofin makarantu. Masu shago sun bar shago a buɗe, wani ya bar aiki a kan injinsa, wata tsohuwa ta faɗi a bakin get sai da aka yayyafa mata ruwa. Ba wanda ya rasa ransa, alhamdu lillahi, amma makaranta biyu suka ce sun fasa aiki da manhajar.

Kamfani yana da wata sabuwar ƙa'ida da Manaja ke alfahari da ita: in abu ya lalace a zauna a tattauna, ba a kiran suna, ba a neman mai laifi, gyara ake nema. Ƙa'ida ce mai kyau, ba a ce ba. Aka ja kujeru gaban farin allo. Manaja ya ce an sa sifili a inda ya kamata a sa ɗaya, an kunna gwaji, an samu matsala. An, an, an. Sai dai ofis na mutum nawa ne? Kowa ya san wane ne "an". Malam na zaune a gefe ya haɗa hannuwa a kan gwiwa. Ba wanda ya buɗe aikin ya ga tambayar, don kowa ya ɗauka abin da Kwastan ta sa wa hannu an riga an tone shi, sai dai in mai aikin ne ya ɓata daga baya.

Manaja ya juyo ya ce, "Anti, akwai abin da za ki ƙara?"

Maganar tana bakinta. Malam ya tambaye ni, ban karanta ba. Kalma nawa ce? Amma sai ta ji kanta tana cewa makunnin wurin yana da rikitarwa, ya kamata a gyara shi a rubuta bayani. Aka gyaɗa kai, Dogo ma ya saki baki a gabanta ya ce shi ya sa ake ce mata Kwastan. Ta fake a bayan ƙa'idar, ta ce wa zuciyarta ai an ce ba a kiran suna, to nata ma suna ne. Kai, wannan dabara ta yi arha, kuma ita ma ta san ta yi arha.

Ƙarshen mako ƙanwar ta zo gida da yaron, yana ta tsalle a kan kujera ba abin da ya dame shi. Uwar kuwa ƙafarta a naɗe, ta gurɗe wajen gudu. Ta zauna ta buɗe baki. "Yaya, wai wane marar imanin ne ya yi wannan a ofishinku? Wallahi ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi."

"Ke, bar Allah ya isa, kuskure ne."

"Kuskure? Ke da kike can ba ki san shi ba? Ai da ke ce kika duba da hakan ba ta faru ba."

Anti ta tashi ta shiga kicin wai za ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba. Ta tsaya gaban famfo ta buɗe ruwa don kada a ji ta. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aiki, kunyar mutumin da ake yabo a kan abin da ya ci amana.

Duk makon da ya biyo Malam bai turo kujera ba. Yana gaisawa da ita kamar kullum, har da ɗan rusunawarsa. Wannan ya fi ci mata rai. Da ya ɗaure fuska, ko ya jefa mata magana, da ta samu abin riƙewa. Kullum ta ce yau za ta shiga wajen Manaja, kullum ta samu aikin da ya fi gaggawa. Sai ranar da ta ji Manaja yana ce wa mai kula da ma'aikata a fara neman wani, sannan ta miƙe ta bi shi ofis ta rufe ƙofa.

Ta faɗa masa duka, ta buɗe aikin ta nuna masa tambayar da amsar. Manaja ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido.

"Anti, da kin faɗi wannan a zaman nan."

"Na sani. Ka tabbatar da shi, laifin nawa ne."

"Ni ban kore shi ba. Shi ya zo da kansa shekaranjiya ya ce in ya cika wa'adinsa ba zai ci gaba ba. Na ce ya sake tunani, ya ce ya gama. Yau ce ranarsa ta ƙarshe, ya ce kada a yi masa taro."

Ta fito ta tarar teburinsa a share, ya tura kujerar ciki yadda ya same ta. Ta sauka matakala da sauri, ta ratsa ta cikin katifu, ta hango shi a tashar bas da jakarsa a kafaɗa, rana na dukansa.

"Malam! Malam, tsaya."

Ya juyo. "Anti, lafiya? Na leƙa ba kya nan, na bar sallahu wajen Dogo."

"Ban karanta ba," ta ce, numfashinta na sama. "Tambayarka. Ban ko buɗe aikin ba. Na faɗa wa Manaja yanzu, ya ce ƙofa a buɗe take. Don Allah ka dawo."

Ya yi ɗan murmushi marar daɗi. "Na san ba ki karanta ba."

"Yaya aka yi ka sani?"

"Anti, na tsufa ina duba takardun yara. Na san makin da aka bayar bayan an karanta, na san wanda aka bayar don a rage tuli. Ke da ba ki taɓa barin tambayata ta tafi da kalma biyu ba? Tun da na gani na gane. Da na jira ki dawo na turo kujera, da shi ke nan. Amma ana cewa na cika nawa, wa'adina ya kusa, ina so aikin ya wuce. Sai na ce ai ta ce ya yi." Ya gyara jakar. "Na san mene ne a ce wa uwa ba a ga ɗanta ba, na tsaya a bakin get na ga irinsa da idona. Da sanina na danna. Wannan nawa ne, ba naki ba."

"Namu ne, Malam. Ka dawo mu ɗauka tare."

"Wata makaranta ta kira ni, na riga na amsa musu. Maman yara ma har ta yi murna." Ya dubi titi, bas ta ɓullo daga nesa. Sai ya juyo, fuskarsa ta koma irin ta ranakun da yake turo kujera. "Amma gafarta, tambaya ɗaya. Na juya abin nan a kaina har na gaji. Me ya sa a wurin nan sifili ne aikawa? Na ce dole akwai hikima, don ke kika gina."

Ba wanda ya taɓa yi mata tambayar kai tsaye.

"Babu hikima. Kuskure na yi. Ina sabuwa na rubuta shi a juye, ban gane ba sai da aka yi gini a kansa. Na ji tsoron in faɗa su ce dama mai buga takardu ce. Sai na lallaɓa na rufe, na yi shiru. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar Alhamis ba."

Bas ta tsaya, yaron mota yana kiran fasinja.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sa ƙafa ɗaya a kan matakin bas.

"Allah sarki," ya ce. "Ashe amsar ma ba ta da tsawo."